Kuɗin Sallama a Shagon Alhaji Kabo

Zuhra: Salamu alaikum. Gwaggo, kina ji na?

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Zuhra ce? Muryarki na yankewa.

Zuhra: Ni ce, Gwaggo. Ina wuni?

Gwaggo: Lafiya lau. Ya mutanen Gaya? Ya Yaya da ƙafar tasa?

Zuhra: Baba ya ji sauƙi, jiya har gona ya je. Ya makaranta? Ya ɗalibai?

Gwaggo: Suna nan suna gudun lissafi kamar kullum. Kun samu ruwa?

Zuhra: Shekaranjiya an yi kaɗan. Ku fa a Ajingi?

Gwaggo: Yayyafi ne kawai. Ya Hanne da jaririn?

Zuhra: Lafiyarsu ƙalau. Gwaggo, na gode da littafin nan da kika aiko, Allah ya saka da alheri.

Gwaggo: Littafin da kika yi mini godiyarsa sau biyu? Zuhra, ke ba kya kira a lokacin aiki don gaisuwa. Kina ina yanzu?

Zuhra: Ina bayan shago.

Gwaggo: Me ya kai ki bayan shago?

Zuhra: Alhaji Kabo ya ce in naɗe kwamfutata. Ya ce kafin ya dawo daga sallar La'asar ko ta faɗi abin da ya faɗa, ko ya koma kan littafinsa da bironsa, ni kuma in koma gida.

Gwaggo: Manhajar da kika yi wata biyu kina haɗa masa? To, daina sauri. Fara daga farko.

Zuhra: Wani Malam Sadisu ne ya zo daga Toranke, zai sayi kwanon rufi na ajin Islamiyyarsu. Bandir huɗu, dubu ɗari biyu da ashirin. Suka yi ta ciniki, yana tayawa, Alhaji na cewa albarka, har Alhaji ya ce ya sallama a dubu ɗari biyu da sha biyar. Suka yi musabaha, mutane na tsaye.

Gwaggo: Ina ji.

Zuhra: Ni kuma na sa ragin dubu biyar a gurbin ragi. Kin san tun da Alhaji ya yi rajistar kamfani dole rasit ya nuna harajin VAT, kashi bakwai da rabi. Sai manhajar ta ɗora shi a kai, rasit ya fito dubu ɗari biyu da talatin da ɗaya da 'yan kai. Malamin ya duba, ya ce, "Alhaji, ashe yanzu bayan an sallama ana ƙari?"

Gwaggo: A gaban mutane.

Zuhra: A gaban mutane, Gwaggo. Alhaji ya ce shekara talatin yana kasuwa ba a taɓa... Gwaggo? Hello?

Gwaggo: Ina nan, tsaya in fita tsakar gida, ɗakin nan ba sabis. To, ba a taɓa me?

Zuhra: Ba a taɓa ce masa mai magana biyu ba sai yau.

Gwaggo: Yana da gaskiya. Ke ma manhajarki ba ta yi ƙarya ba, tambayar da kika ba ta ce ba daidai ba. A wurin Alhaji, kuɗin da ya sallama shi ne abin da zai fita daga aljihun mai saye, ba a ɗora masa komai. Harajin yana cikinsa.

Zuhra: Na gane haka daga baya. Shi ne na cire kashi bakwai da rabi daga kuɗin sallamar, na sake ɗorawa, sai ya ƙi komawa inda yake. Sau huɗu ina yi.

Gwaggo: Ko sau arba'in kika yi ba zai koma ba. Da biro a hannunki?

Zuhra: Akwai.

Gwaggo: Kayan naira dubu, a ɗora haraji, nawa ke nan?

Zuhra: Dubu da saba'in da biyar.

Gwaggo: To cire kashi bakwai da rabi na dubu da saba'in da biyar.

Zuhra: Tamanin da 'yan kwabbai... Au. Ya fi saba'in da biyar.

Gwaggo: Don me?

Zuhra: Don na cire daga babban kuɗi, alhali a kan ƙarami aka ɗora.

Gwaggo: Madalla, ashe kuɗin difloma bai tafi a banza ba. Da ninkawa kika hau, da rabawa za ki sauko. Raba kuɗin sallamar da ɗaya, ɗigo, sifili, bakwai, biyar.

Zuhra: Ɗaya, ɗigo, bakwai...

Gwaggo: Sifili tukuna. Kada ki cinye sifilin.

Zuhra: Sifili, bakwai, biyar. Gwaggo, dubu ɗari biyu cif. Haraji dubu sha biyar. In an haɗa, ga kuɗin Alhaji daidai. Allah ya ja kwananki, Allah ya kai ki Makka.

Gwaggo: Amin. Yanzu ki sa ragin da ya dace a gurbin da kike da shi, ki buga rasit. In kin natsu gobe ki ƙara wani gurbi, ki sa masa suna kuɗin sallama, ita manhajar ta riƙa rabawa da kanta.

Zuhra: Ragin da ya dace... Gwaggo, dubu ashirin ne fa. Shi a ransa dubu biyar ya rage. Ba zan iya nuna masa wannan ba. In ɓoye layin ragi daga rasit ɗin?

Gwaggo: A'a. Dukiyarsa ce, gara ya gani. In kika ɓoye yau, ran da ya gano da kansa ba zai ƙara yarda da ke ba.

Zuhra: Zai ce kwamfutar ce ta cinye masa.

Gwaggo: Sai ki ba shi biro, ki fara da naira dubu kamar yadda na fara da ke. Shi ɗan kasuwa ne, ya fi mu saurin ganewa.

Zuhra: Ga shi nan ya dawo, shi da malamin. Gwaggo, kada ki kashe, zan sa wayar a kan kantar shago.

Gwaggo: Ina nan. Ki gaishe shi tukuna kafin ki miƙa takarda... Zuhra? Ba na jin komai sai ƙarar babur... Zuhra, kin manta da ni ne?

Alhaji: Salamu alaikum. Malama Khairiyya ce? Kabo ne.

Gwaggo: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ina wuni, Alhaji? Ya kasuwa?

Alhaji: Kasuwa ga ta nan, 'yarki ta gama tona mini asiri. Malama, tsakaninki da Allah, dubu ashirin na rage wa bawan Allahn nan?

Gwaggo: Dubu ashirin, Alhaji. Biyar da bakinka, sha biyar kuma harajin da ka ɗauke masa ba ka sani ba.

Alhaji: Ikon Allah. Wata biyu ke nan ina cewa riba ta yi ƙafa, har na fara zargin awon masu kawo kaya. Ashe bakina ne.

Gwaggo: To ya za a yi da Malam Sadisu?

Alhaji: Na sallama, na sallama. Ai ajin yara zai rufa, Allah ya sa a mizani. Ga shi nan ana ɗora masa a a-kori-kura, yana ta yi mini dariya.

Gwaggo: Allah ya mayar da alheri. Ita kuma yarinyar?

Alhaji: Wace yarinya? Wadda na ce ta naɗe kaya? Na ce a matso da teburinta kusa da kujerata. Daga yau ba na cewa na sallama sai na waiwaya ta gyaɗa mini kai. Mun gode, Malama, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Ga ta.

Zuhra: Gwaggo, kin ji? Kin ji abin da ya ce?

Gwaggo: Na ji. Share hancinki, kina gaban mai gida. Sabon gurbin nan kuma ki gwada shi da kuɗi iri uku kafin ki yarda da shi, har da wanda ba ya rabuwa cif.

Zuhra: Zan yi. Gwaggo, ban san da bakin da zan... An ce saura minti ɗaya katina ya ƙare. Ranar Asabar zan zo Ajingi da kaina, me zan taho miki da...