Maƙwabcina Ya Ƙone Masu Gadin Rumbunsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Daga wani ƙauye kusa da Gagarawa nake rubuto muku, kuma ƙarar maƙwabcina Malam Sale na kawo.

Bara malamin daji ya tara mu, ya ce mujiya ba ta kiran mutuwa, aikinta cin ɓera. Malam Sale ya fi kowa gyaɗa kai.

Bayan girbi tsohuwarsa ta kwanta zazzaɓi, sai mujiya ta yi kuka a bishiyar kukar da ke bayan rumbunsa. Da rana tsaka ya cusa kara da kananzir cikin kogon kukar, ya kunna. 'Ya'yan mujiya uku suka faɗo suna ci da wuta, uwar ta biyo su, ya ƙarasa ta da sanda.

Na ce, "Malam, masu gadin geronka ne fa."

Ya ce, "Kai da karatunka, kwashe su ka yi musu sutura."

Tsohuwa ta sha maganin asibiti ta warke, har goro take taunawa. Amma da ya buɗe rumbu da bazara, ƙaiƙayi da kashin ɓera ya tarar. Irin shuka ma a wurina ya roƙa.

Kada ku ɗauka ya gane. Jiya ya ce ɓerayen turo masa su aka yi, kuma kallon da kyanwata ke masa bai gamshe shi ba.

Don Allah ku ba ni shawara kafin ya sake sayen kananzir. Ina gaida Malam Sale, na san yana saurare.