Baƙin Layi a Bangon Shagona

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyar masu haya da babur, jami'in kiyaye haɗurra da ya ajiye aikinsa ya zo ya zauna da mu, likitar ido da ma'aikatanta da suka kafa teburinsu can ƙarshen rumfa, dattawan sana'a da suka riga mu sanin hanya, iyayenmu mata da matanmu waɗanda hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji ƙarar babur a ƙofar gida, 'yan'uwana masu gyara, da sauran jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa ƙungiya da ta ga dacewar a tara mu a sabunta ƙwan fitilar kowane babur, domin wanda ya fita nema bayan faɗuwar rana ya ga gabansa, ya kuma koma gida da ƙafafunsa. Ina gode wa shugaba da ya miƙo mini abin magana, alhali ya san hannuna ya fi sabawa da sukundireba. Ni mai gyaran wutar babur ne, in kun ji zance ya karkace ku yi mini uzuri, ba fagena ba ne.

Magana ta farko, ƙwan da za a sa wa babur ya zama wanda babur ɗin zai iya ɗauka. Wani yakan zo mini da ƙwai a aljihu yana murmushi, wai an ce masa wannan ya fi na mota haske. To, ya fi, amma wayar babur ɗinka siririya ce, ba a yi ta don wannan nauyi ba. Kwana kaɗan sai ka ji ƙauri, mazaunin ƙwan ya narke, batir ya mutu, wuta ta ɗauke maka a inda babu shago balle mai shago. Farin ƙwan zamani da ƙungiya ta kawo yana da kyau, ba ya cin wuta, amma shi ma sai ya zauna daram a mazauninsa. In yana rawa a ciki hasken watsewa zai yi, ka haska saman bishiya ka bar ramin da ke gabanka. Ku bari mai gyara ya duba kafin a sa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Magana ta biyu gajeriya ce: ku wanke gilashi. Akwai babura a filin nan da in aka kankare ƙasar da ke gilashinsu, ta isa a shuka gyaɗa. Sabon ƙwai a bayan gilashin da ya dushe asara ce kawai. Haka kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwan, in ya yi tsatsa a canza shi, domin shi ke tattara haske ya tura gaba.

Magana ta uku ita ce saiti. Hasken da ya yi sama ba ya amfanar ka da komai, idon mai tahowa kawai yake kashewa. Mai tahowan nan kuwa ɗan wata ne, mijin wata ne, uban wasu ne, kuma in ya daina gani, kanka zai faɗo. Duk wanda ya taɓa shiga shagona ya san farin bangon da ke kallon ƙofa, wanda na ja wa baƙin layi da fenti, mai kaurin yatsa biyu. In rana ta faɗi sai a ja babur baya, mai shi ya hau ya zauna, a kunna wutar kusa. Ni ina tsugune ina juya notin saiti, shi yana kallon bango yana gaya mini ko hasken ya sauka ƙasa da layin. Sai ya sauka nake sallamar mutum, ko da fasinja na jiransa.

Wannan layin ne ya kawo ni magana ta huɗu, kuma saboda ita na yarda na tsaya a gabanku yau.

Ga yayana can a sahun gaba, wanda dukanku kuke kira Babban Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. A bayan babur ɗinsa na yi makaranta, shi ya kai ni koyon gyara, ya ce da maigidana, "Ga Auta nan, in ya yi wasa ka ja kunnensa, kunnen nawa ne." Ya ba ni izinin faɗin abin da zan faɗa, bisa sharaɗin in shaida muku cewa har gobe ya fi ni iya tuƙi. To, na shaida.

A bara Yaya ya fara zuwa mini da ƙorafi. Ya ce, "Auta, ƙwan yanzu ba su da kirki, hasken nan kamar na aci-balbal." Na canza masa. Bai daɗe ba ya dawo. Na wanke gilashi, na canza kwano, na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Sai ga shi wata rana da yamma da wani ƙwai da ya sayo da kansa, irin wanda in aka kunna shi kaji za su ɗauka gari ya waye. Na sa masa don mu gwada, muka ja babur baya, ya hau, na tsuguna. Na ce, "Yaya, ya sauka ƙasa da layin?" Ya ƙura wa bangon ido. Can sai ya ce, "Kai ma ka fara sakaci. Layin naka ai ya goge, ka sake ja."

Jama'a, a wancan makon ne ma na sake yi wa layin fenti. Baƙi ƙirin yake, ga bangon ya haske fes. Ina tsugune na ji sukundireba ta yi mini nauyi a hannu. Tsoro ya kama ni, tausayi ya kama ni, domin a nan na gane hasken da yake ta nema ba a shagona yake ba.

Na miƙe na ce, "Yaya, ba ƙwan ba ne. Mu je a duba idonka."

Ya ce, "Idona? Ni da na san ramukan garin nan tun kana rarrafe? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na cire ƙwan na miƙa masa, na ce ba dai da hannuna ba. Ya karɓa ya tafi, aka sa masa a wani wuri. Daga ranar ya daina zuwa shagona, har hanya ya canza don kada ya bi ta ƙofata. Kada ku ce taurin kai ne kawai. Kun fi ni sani, mai babur ya fi tsoron a ce idonsa ya yi rauni a kan tsoron rami, domin yana ganin ranar da aka faɗa, ranar za a karɓe makulli, ranar za a sauke tukunya a gidansa. Matarsa ta same ni ta ce, "Auta, in yana zuba shayi da yamma, rabi a ƙasa yake zubawa. Na yi magana ya ce kofin ne ƙarami. Ni dai kullum ina bakin ƙofa har ya dawo." Ni ma a lokacin duk wayar da ta shigo mini bayan magariba sai gabana ya faɗi.

Abin da na kasa, 'yarsa ta yi shi da kalma biyu. Babbar 'yarsa mai ɗinki ta tashi daga aiki bayan magariba, tana tsaye a bakin titi sai ta hango babur ɗin mahaifinta, ta ɗaga hannu. Ya tsaya dab da ita, ga fitilar wani shago a kansu, ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ina zuwa?"

Ta ce, "Gida, Baba."

Ya kashe babur ya sauko. Shi ta wannan gefe, ita ta wancan, haka suka tura babur ɗin har gida.

Da safe na tarar da shi zaune a kan bencin ƙofar shagona. Bai ce na yi gaskiya ba, ai yayye ba sa faɗin haka. Makulli kawai ya miƙo mini ya ce, "Kai za ka tuƙa. Amma a hankali, na san tuƙinka." Ranar na goya wanda ya goya ni. Likita ta duba ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma mai yanar ido duk yadda aka ƙara masa haske, hazo ake ƙara masa. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, ya huta na ɗan lokaci, kuma babu wanda ya karɓe masa makulli.

Bayan ya warke ya zo shago da yamma. Muka ja babur baya, ya hau, aka kunna. Ya ce, "Ga layin nan ɓaro-ɓaro. Ashe haka nake ta kashe wa bayin Allah ido? Cire wannan, sa mini na mutane, ka sauke shi ƙasa." Na canza, ina juya noti yana cewa ƙara, ƙara, har ya ce ya isa. Na ajiye sukundireba ina shirin miƙewa. Na ɗaga kai, ashe ba bango yake kallo ba, ni yake kallo. Ya ce, "Auta, yaushe ka yi furfura?" Na ce, "Ta daɗe, Yaya." Ya ɗora hannu a kaina kamar yadda yake yi ina yaro, ya ce, "Ba wanda ya gaya mini." Ban ɓoye muku ba, na yi kuka, da furfurar tawa da komai.

Don haka ina roƙonku, dattawa da matasa, kafin kowa ya zo teburina a sa masa ƙwai, ya fara biyawa ta teburin likita. Ba a kawo ta don ta raba kowa da sana'arsa ba, an kawo ta ne don ku daɗe a kanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda yake jin nauyin zama na farko ya kwantar da hankalinsa, Babban Yaya ya ce shi zai buɗe sahu, za a duba masa ɗaya idon.

Allah Ya saka wa shugabanninmu da alheri, Ya yi wa wannan ƙungiya albarka. Allah Ya haskaka mana hanya, Ya tsare mu da rami, Ya tsare wasu da haskenmu. Allah Ya bar mana idanunmu, mu gane 'ya'yanmu tun daga nesa. Allah Ya sa duk wadda ta tsaya jira a bakin ƙofa ta ga nata ya dawo lafiya. Allah Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Yaya, bisimillah, likita na jira. Jama'a, na gode.