Mijina Ya Dawo da Masifarsa

A bencin ƙofar ɗakin masu korona, wata dattijuwa ta kashe waya tana share hawaye. Wani tela da ke gefenta ya ɗauka rasuwa aka yi.

"Mama, sai haƙuri."

"Haƙurin me? Mijina ne ya wanke ni tas! Wai likita ta turo na'urar duba masu ciki har bakin gadonsa, ta shafa masa abu mai sanyi a haƙarƙari. Shi da furfurarsa!"

"Ta masu ciki kuma? A huhu?"

"Ita fa. Ba sai an gungura shi ɗakin hoto da tukunyar iska ba. Ta ce huhun ya fara washewa."

"To kukan na mene ne?"

"Ɗan nan, tun da aka kwantar da shi, numfashinsa bai isa ya ce min sannu ba. Yau ya kai ƙarshen faɗa bai ko sarƙe ba."

Telan ya dubi wayarsa. "Ni matata da aka kwantar ba ta kira ba tukuna."

"Mafaɗaciya ce?"

"Ai ba a magana."

"To gyara kunnenka. In Allah ya yarda, naka rabon na tafe."