Hoton Yaya a Bangon Falo

Shugaban ƙungiyarmu ta masu shirya fim, malamanmu, Yaya wan marigayi, mai ɗakin marigayi da 'ya'yansa, abokan aiki, assalamu alaikum.

Shekara goma sha tara ina riƙe wa marigayi Darakta kyamara, shi ya sa aka turo ni gaba. Ya kasance mai sa mu dariya ko rana na dafa mu. Ya kasance mai koyar da sana'a kyauta. Rabin matasan zauren nan a hannunsa suka fara. Ya kasance kuma, Allah ya gafarta masa, ba ya sayen abin da zai iya ara. Motar jarumi aro, agogo aro, har tabarau.

Da ya tashi sabunta tsohon fim ɗin barkwancin da muka kalla muna yara, na attajirin da ke sa direbansa wanke hannu kafin ya taɓa ƙofar mota, sai ya rasa falon da ya dace. Yaya ya yi tafiya, matarsa ta ba mu makulli na kwana uku. Muka canza labule, muka juya kujeru don kada a gane gidan. Mu goma sha biyu, ba wanda ya ɗaga kai ya ga ƙaton hoton Yaya a bango. Ni mai leƙa kyamara na fi kowa laifi.

Fim ya fita, gari ya ɗauka. Attajiri na zazzaga wa ma'aikatansa rashin mutunci, Yaya na murmushi a saman kansa. A kasuwa aka riƙa nuna Yaya da baki. Ya yi fushi, kuma da gaskiyarsa. Shekara biyu ba ya amsa gaisuwar ƙaninsa.

Sai ciwo ya kwantar da Darakta. Ya ce mini, "Ni ba tafiyar ce ta dame ni ba. Kada in tafi Yaya na riƙe da ni." Sau uku muna zuwa ban haƙuri muna dawowa jiki a sanyaye. Wallahi mun tsorata.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa, ina zaune a ɗakin asibiti da hantsi, Yaya ya turo ƙofa. Ya ce, "Na kalli shirmen nan naka."

Darakta ya ce, "Yaya, wallahi ba da kai nake ba."

Yaya ya ce, "Rufe mini baki. Direbana na kama yana kallo a waya, yana dariya har da hawaye. Da ya gan ni ya ɓoye wayar. Shekara goma yana tuƙa ni ban taɓa jin dariyarsa ba. Matsa in zauna."

Ya zauna a bakin gadon, ya karɓi kofi daga hannun mai ɗakin Darakta, shi ya riƙa ba shi ruwa. Bai koma gida ba sai da aka rufe wa ƙanin nasa ido.

Yaya, mun gode, ka sauke mana dutse daga ƙirji. 'Ya'yan marigayi, ku share hawaye, ga babanku nan zaune. Jama'a, mun gode da zuwanku.

Ya Allah, ɗan'uwansa ya yafe masa a gaban idonmu. Kai da ka fi kowa yafiya, ka yafe masa sauran. Amin.