Ranar da Na Kai Kaina Caji Ofis

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana. Ni ce Saratu, uwar Bulus mai tuƙa jirgin ruwa zuwa kasuwar Warra. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba sai da takarda zan faɗe shi ba.

Tun ina yarinya ban san tsoron kada ba, ban san na maciji ba. Ɗan sanda kaɗai nake tsoro. In na hango kayan sarki a kasuwa, sai in ɗauki ƙwaryata in sake hanya. A ƙauyenmu cewa ake wanda ya kwana bayan kanta ba ya fitowa da ƙafafunsa daidai.

To, damanar da aka raba mu da jihar Sakkwato, wani masunci ya kai ƙarar Bulus, wai shi ya yanka masa koma, ragarsa ta kamun kifi, a ruwa. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi a gaban matarsa.

Kun san al'adarmu. In yaro ya yi ɓarna, babban gida ke zuwa ya zauna a ƙofar wanda aka ɓata wa, ba ya tashi sai an sasanta. Mijina ya rasu, ni ce babba. Na naɗe tabarmata, na ɗaura zanen da nake zuwa sujada da shi, na kama hanyar caji ofis.

Da na isa na shimfiɗa tabarmar a gaban kanta, na ce da Sajan ɗin da na tarar ya rufe ni ya sako mini ɗana. Ya dube ni, ya ajiye biro.

"Inna, doka ba ta kama uwa a madadin ɗa. In na rufe ki, ni za a tuhuma."

Raina ya ɓaci. Na tambaye shi ko furfurata ce ba ta kai kuɗin koma ba. Ya yi dariya ya ce ta fi, shi ya sa ba zai taɓa ta ba. Na ce to ba na tashi. Ya ce in zauna, ofishin na jama'a ne.

A nan na sunkuyar da kai. Na ce, Ubangiji, na kawo abin da na iya an ƙi karɓa, saura naka. Ban daɗe ba na ji tsoron nan ya sake ni. Na ɗaga kai na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambayi ɗan sanda: wa ya ga ɗana yana yanka koma?

Sajan bai tsawata mini ba. Ya ce ina da ikon tambaya, ina da ikon ganin Bulus da kawo masa abinci, kuma ba mai dukansa. Ya fito da shi. Na shafa bayansa da hannuna, babu ko shatar bulala. Yesu mai iko!

Aka kira masuncin. Da ya tarar da ni zaune a ƙasa sai ya cire hula, don shi ma ya san me zaman nan yake nufi. Sajan ya maimaita masa tambayata. Sai ya ce jirgin Bulus kawai ya gani ya wuce wurin da safe. Ya ce, "Inna, tashi, kada ki ja mini magana a gari." Na ce ba shi ya zaunar da ni ba.

Ban tashi ba sai da Sajan ya ce zato ba shaida ba ne, ya sallami Bulus.

Na gode wa Allah da ya cire mini tsoron nan, na gode masa don Sajan, Musulmi mai gaskiya. 'Yan'uwa, in an kama naku, ku yi addu'a, ku je da ladabi, ku buɗe baki ku tambaya. Ga Bulus can zaune a bencin baya, da ƙafafunsa ya zo. Amin.