Biskit Kafin Awo

A ɗakin jiran likitan ƙashi a Ballarat, wata tsohuwa ta miƙo wa Narelle biskit.

"Na gode, Iya, za a auna ni."

"'Yar nan, me ya kawo ki layin tsofaffi?"

"Ƙasusuwana ne suka zaizaye. Na tuƙa wa ƙasar nan kwalekwale a gasar Olamfik, ajin marasa nauyi. Kafin kowane tsere sai mun hau sikeli. Na shekara da shekaru ina kwana da yunwa."

"An dai samo lambar yabo?"

"Na huɗu muka zo."

"To ai yau ƙiba likita yake nema miki. Ungo."

Narelle ta zuba wa biskit ɗin ido.

"Na sani, Iya. Hannun ne ya ƙi miƙuwa."