Takardun Baba da Na Binne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sani ne daga Dogo-Dogo.

Bayan rasuwar mahaifinmu na tarar da tsofaffin takardu a gafakarsa, gara ta fara ci. Ni ɗan lakwal ne, boko kawai na yi, ban iya ajami ba. Da yana raye, kullum sai Baba ya ce in zo ya koya mini, sai in ce gobe. Na zaci shafukan Alƙur'ani ne, na binne su bayan masallaci don girmamawa.

Bayan damina baffana ya zo daga Magariya nemansu. Ya ce, "Ɗana, waƙoƙin wa'azin kakanka ne da salsalar gidanmu, rubutun hannunsa." Muka tona, sai ƙasa.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ranar da 'ya'yana suka tambayi asalinmu, me zan ce musu?